Na'am Daga Cikin Durowa

Ranar Talata abin ya fara, ana yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma ba ya barin shanya ta bushe. Likita yana zaune a bakin gado yana ɗaure igiyar takalmi, sai ya ji muryar matarsa daga cikin durowar madubi.

"Na'am?"

Matar kuwa ta kusa shekara da rasuwa.

Bai yi ihu ba, bai tashi ba. Igiyar takalmin ce kawai ta suɓuce daga hannunsa. 'Yarsa ta shigo a guje daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta a waje.

"Baba, ka ji?"

"Na ji, Uwata."

Sun jima suna kallon durowar kafin yarinyar ta dafe kai. Ita ce jiya ta ɗauko wayar mahaifiyarta ta sa mata caji, tana neman wasu tsofaffin hotuna, ta mayar da ita ba ta kashe ba. Ta jawo durowar, ga wayar nan kan ɗankwali da kwalaben turare, fuskarta tana haske. Saƙo ne ya shigo: wasu likitoci a wata ƙasa mai nisa sun buga bincike, sun ambaci aikin marigayiyar.

A asibiti Mai Hoto ake ce mata. Shi Likita aikinsa duba masu maƙoƙo ne da masu sukari da waɗanda jikinsu ke rama ko kumbura ba tare da an gane dalili ba. Idan ya lalubi wuyan mutum ya rasa gane abin da ke ciki, sai ya tura shi can ƙarshen baranda, ɗakin da ke da ƙofa mai nauyi, inda matarsa take. Ita za ta yi wa mutum allurar wani ruwa mai fitar da hasken da ido ba ya gani, ta jira ruwan ya taru inda ciwon yake, sannan ta kwantar da shi ƙarƙashin na'ura. Inda ke aiki fiye da ƙima sai ya fito jawur a hoto, inda ya mutu ya fito baƙi. Daga abin da take gani ta rubuta maƙala tara aka buga a mujallun likitoci.

A sana'arsu kuwa ba a auna mai bincike da yawan waɗanda ya warkar. Ana auna shi ne da sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a ƙarshen nasu. Akwai masu ƙirga wannan a intanet, kuma duk lokacin da aka ambace ka za su turo maka saƙo. Ita abin dariya ya ba ta. Wata rana suna cin abinci ta ɗauki wayar ta naɗi muryarta, ta mayar da ita ƙarar wannan saƙon kaɗai.

"Mutum yana can ƙarshen duniya ya kira sunana," ta ce, "ai rashin kunya ne in ƙi amsawa."

Shi ya manta da zancen sai yau.

"In kashe ta?" 'yar ta tambaya.

"Bar ta," ya ce. "Ki bar cajin a jiki."

Tun daga ranar wayar ba ta ƙara mutuwa ba. Ya sayo doguwar igiyar caji ya zura ta bayan durowa. Kafin ya fita aiki ya leƙa, in ya dawo ya leƙa kafin ya cire takalmi. Takan amsa sau biyu ko uku a wata, ba ta da tsayayyen lokaci. Wani sa'in yana wanka, wani sa'in yana tsakiyar cin abinci, sai ya ajiye cokali ya yi shiru kamar wanda babba ya shigo masa. Idan ta amsa ba ya gida ya tarar da saƙon kawai, ranar ba a gane kansa.

Bayan kowace amsa yakan buɗe maƙalarta ta farko a kwamfuta. A shafi na uku akwai hoton wuyan mai lafiya, wanda ta sa don a gwada da na marasa lafiya. Babu suna a ƙasansa, amma ya san wuyan waye. Lokacin da aka kawo na'urar mutane suna tsoron allurar, sai ta miƙa hannunta aka fara da ita. Ga ɗan naman gaban wuyanta nan, fukafukai biyu masu haske cikin duhu, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a kan baƙin mayafi. Duk wanda ya ambaci aikin ya ga wannan wuyan. Shi kaɗai ya san yadda yake motsi idan tana dariya.

Abokinsa Dogo, mai fiɗa, shi ya fara lura. Tare suka yi karatu, kuma duk wuyan da Mai Hoto ta haska, Dogo ne ke yanka shi. Ya same shi a ɗakin shan shayi na likitoci yana juya cokali a kofin da babu sukari.

"Gwauro, wai me ke damunka? Nas-nas sun ce jiya ka tambayi mutum ɗaya sunansa sau uku."

"Kai dai Mahauci, ka je ka wasa wuƙaƙenka."

"Na wasa. Wuyanka nake jira, ga shi har ya fara tsawo don rama." Dogo ya zauna, ya jawo kofin ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "To ji labari mai daɗi. Sabon ɗakin hoton da ake ginawa, za a sa masa sunan mutum. Ɗan allon tagulla a bakin ƙofa. Sunaye biyu ke gaban kwamiti: na matarka, da na tsohon farfesan nan da ya yi ritaya."

"Shi da bai taɓa kunna na'urar da hannunsa ba?"

"Ni ma haka na ce. Suka ce ba a rigima, lissafi za a bi. Wanda duniya ta fi ambata shi ke da ƙofa. Tsohon yana da ɗari uku da wani abu. Ita tana da ɗari da arba'in."

"Shekara talatin ya yi yana tarawa."

"Kuma har yanzu yana yawon taro yana raba katinsa. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta zuwa taro." Dogo ya ga fuskar abokinsa, ya sassauta murya. "Ginin ma ba yanzu zai ƙare ba. Ka san magina."

Abin da Dogo bai sani ba shi ne amsar ta fara ja baya. An fito da sabuwar na'ura a ƙasashen da ke da hali, masu bincike sun koma kanta, aikin Mai Hoto ya fara zama tsohon zance. Daga uku a wata ta koma ɗaya. Sannan wata guda ya wuce cur durowar ba ta ce komai ba. Likita ya cire wayar ya duba ko ta lalace, ya sake mata layi, ya ƙara ƙarar har ƙarshe. Lafiyarta ƙalau. Ba a kira ba ne kawai.

'Yar ta same shi tsugune gaban durowa.

"Baba, muryar tana cikin wayar fa. In kana so ka ji, danna nan kawai za ka yi. Sau ɗari ma."

"A'a."

"Me ya sa?"

"In na danna, ni na sa ta. In aka kira ta ta amsa, ita ce ta amsa."

Yarinyar ta juya ta fita.

A cikin makon ne wata mujalla ta turo masa aikin tacewa. Haka ake yi: kafin a buga bincike, edita zai tura wa wani masani ya duba, ya ce a buga, ko a gyara, ko a yar. Marubuci ba ya sanin wanda ya duba masa, edita kaɗai ya sani. Kuma abin da mai tacewa ya ce a gyara, yawanci gyarawa ake yi ba musu, don kowa ya ƙagu aikinsa ya fito. Likita ya shekara goma yana yi wa mujallu huɗu wannan aikin, an san shi da tsanani da gaskiya.

Binciken a kan maƙoƙo ne, kuma akwai wuri ɗaya da ya dace a ambaci Mai Hoto, marubutan ba su yi ba. Ya rubuta musu cewa su duba aikinta. Wannan ba laifi ba ne, kowa na yi. Ya kai hannu zai tura, sai ya tsaya. Ya ƙara maƙalarta ta biyu. Ya ƙara ta uku, wadda ba ta da haɗi da zancen sai dai a ja ta da igiya. Ya tura, ya rufe kwamfutar da sauri kamar wani na leƙe.

Aka yi watanni kafin aikin ya fito. Ranar da ya fito yana aske gemu, sai ya ji daga ɗaki:

"Na'am? Na'am? Na'am?"

Ya yanke haɓarsa bai ji zafi ba.

Daga nan bai ƙara mayar da aikin tacewa ba. Da can yakan ce ba shi da lokaci, yanzu shi ke rubuta wa editoci yana tambaya ko akwai wani. Ya karɓi na maƙoƙo, ya karɓi na ƙari a saman ƙoda, ya karɓi na ƙashin tsofaffi, har da wani a kan sukarin masu ciki wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Ko wanne ya zo, ƙarshen bayaninsa ɗaya ne: aikin yana da kyau, amma ba zai cika ba sai an ambaci waɗannan. Da farko uku, daga baya biyar, daga baya duka taran. Marubuta suka riƙa bi. Wasu ma har da godiya ga mai tacewa da ya nuna musu abin da suka tsallake.

Gidan ya cika da muryarta. Tana amsawa da safe, tana amsawa da rana babu kowa sai mai shara, wadda ta ajiye tsintsiya wata rana ta ce ita ba za ta ƙara shiga ɗakin nan ba ko da za a kore ta. Lissafi ya haura ɗari biyu, ya doshi ɗari uku. Dogo ya dafa kafaɗarsa a baranda.

"Gwauro, matarka ta fi mu aiki, mu da muke da rai! Tsohon nan ya ji labari, an ce hawan jininsa ya tashi."

Likita ya yi dariyar yaƙe.

Don akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Muryar ta sauya. Ya san ba zai yiwu ba, abu ɗaya aka naɗa, daƙiƙa guda, da ƙarar cokali a bayansa. Amma da can idan ta ce na'am akwai dariya a ƙarƙashi, irin ta wadda aka kira tana tsakiyar hira. Yanzu kuwa yana jin ta kamar ta wadda aka tasa daga barci, aka sake tasa, aka sake. Wani lokaci tambaya yake ji a ciki: wa ke kira, me ake so? Kuma ya fara jin ta inda wayar ba ta. Yana laluben wuyan wata tsohuwa ya ce ta haɗiyi yawu, sai ya ji na'am daga bayan labule. Ya daina bi ta ƙarshen baranda, don duk lokacin da ƙofar nan mai nauyi ta buɗe sai ya ga kamar za ta leƙo da farar rigarta ta tambaye shi wa ya aiko.

Wata ranar hutu suna cin abincin rana, wayar ta amsa sau tara a jere daga ɗaki. 'Yar ta ƙirga da yatsu, ta ture kwanonta.

"Baba, Mama maƙala nawa ta rubuta?"

"Tara."

"To wane irin mutum ne zai buƙaci duka tara a aiki ɗaya? Ita da kanta ta ce biyu daga ciki shirme ne, don a ƙara mata girma ta rubuta."

"Mutane sun gane darajarta ne."

"Sai da ta mutu?"

"Haka duniya take, Uwata. Ci abincinki."

"Ni dai ba na son jin ta haka." Yarinyar ta dubi ƙofar ɗakin. "Da, in ta amsa sai in ji kamar ta leƙo ta gaishe mu. Yanzu kamar an ɗaure ta a bakin ƙofa an ce ta yi ta amsa sallama. Ko makaranta na je ina jin ta a kunnena."

Ya ci gaba da cin abincinsa. A ƙarshen watan ta kwashe kayanta ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, ta ce karatu ya yi yawa, gida da nisa.

Ya yi niyyar dainawa. Ya ce da zarar an wuce tsohon farfesa shi ke nan. Aka wuce shi. Ya ce to bari a ba da tazara, kada tsohon ya kamo. A cikin wannan tazarar ne wani aiki ya zo masa, a kan yara masu ciwon maƙoƙo tun haihuwa. Aiki ne mai tsabta, har ya tsaya yana sha'awar yadda aka jera hotunan. Marubuciyar ta ambaci Mai Hoto sau biyu, daidai inda ya kamata. Hannunsa ya riga ya saba. Ya liƙa sauran bakwai ɗin ya tura.

Bayan 'yan makonni, yana ofis da yamma ya sallami mara lafiya na ƙarshe, aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce da jaka a kafaɗa, sai da ta yi murmushi ya gane ta. Ɗalibar matarsa ce ta farko, wadda Mai Hoto ta raɗa wa Me-ya-sa saboda ba a gaya mata abu ta ce to. Yanzu tana da nata ɗakin hoton a wani gari.

"Baba Likita! Ka tsufa fa."

"Ke kuma har yanzu ba ki koyi gaisuwa ba. Zauna. Ya aiki, ya yara?"

"Lafiya lau. Taro na zo, na ce ba zan wuce ban gaishe ka ba. Kuma akwai maganar da nake so ka ji daga bakina, don na san za ta yi maka daɗi."

Ya zuba mata shayi daga fulas. Ta karɓa da hannu biyu.

"Wani ɗan iska ne yake wasa da sunan Malama."

Fulas ɗin yana hannunsa, bai ajiye ba.

"Na tura aikina na yara, sai mai tacewa ya ce wai sai na ambaci maƙalunta duka tara. Duka! Har da ta ƙarin saman ƙoda. Me ya haɗa jariri da wannan? Na ce me ya sa? Sai na je na bi duk waɗanda suka ambace ta a shekarun nan biyu. Baba Likita, in ka gani sai ka yi kuka. An cusa ta a binciken ƙashi, an cusa ta a na masu ciki, jeri ɗaya, tsari ɗaya, har kuskuren rubutu ɗaya. Matar da ta sa na sake hoto sau huɗu don mara lafiya ya yi tari! Matar da ta cire sunanta daga wani aiki don ta ce ba ta yi komai a ciki ba!"

"Wataƙila," ya ce, "mai yin haka yana ganin alheri yake mata."

"Alheri? Ya mayar da ita abin dariya. Ni na san irinsu, wani ne cikin waɗanda sunansu ke bayan nata a maƙalun, yana hawa bayanta tana kabari. Na haɗa komai na tura wa edita, na ce ya sanar da sauran mujallu. Su sun san ko waye. Wallahi ina so in ga fuskarsa."

Ta ɗaga kai ta dube shi tana jiran ya ce Allah ya yi mata albarka. Shayin yana zuba daga bakin fulas a kan tebur, yana bin gefen takardu yana ɗiga ƙasa. Ta dubi shayin. Ta dubi hannunsa. Ya ga tambayar da aka san ta da ita ta taso mata har leɓe, karo na farko a rayuwarta ba ta yi ta ba. Ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauki jakarta.

"Ita ta koya mini riƙe allura," ta ce daga bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

Editan farko ya kira shi kafin mako ya ƙare, cikin ladabi, ya ce sun gode da hidimar shekaru, ba za su ƙara turo masa aiki ba. Sauran ukun ko kira ba su yi ba. Ya rubuta musu duka cewa shi kaɗai ya yi, matar ta rasu kafin ya fara, ba ta san komai ba. Suka amsa cewa sun fahimta, amma dole kowane aikin da aka cusa wa ambato a buga masa gyara, kuma gyaran dole ya faɗi waɗanne maƙalu aka cire.

Dogo ya same shi a wurin ajiye motoci. Yau babu Gwauro, babu Mahauci.

"Kwamiti ya zauna."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Na tashi na ce a cire na bogin a bar mata na gaskiya, a duba aikin da ta yi da hannunta. Wani ya ce yanzu wa zai iya rantsuwa wanne ne na gaskiya? Wani ya ce ko ta fara tun tana da rai, miji ya ci gaba. Na kusa kai masa hannu." Ya share fuska da tafin hannu. "Da ka bar ta, ko ba ta samu ƙofar ba, da duk wanda ya wuce zai ce an zalunci Mai Hoto. Yanzu ba mai cewa komai. In an zo kan sunanta sai a yi tari a wuce."

"Tsohon aka ba?"

"Shi ma ya ce ba ya so. Lamba za a sa. Ɗaki na shida."

Likita ya jingina da motarsa.

"Don me, ɗan'uwa?" Dogo ya tambaya. "Don allon?"

"Tana amsawa ne," ya ce. Dogo bai gane ba, shi kuma bai ƙara ba.

Durowar ta yi shiru wata da watanni. Masu tilas sun daina, masu ganin dama ma sun daina, don ba wanda ke son a ga sunan a ƙarshen aikinsa a yi masa wani zato. Duk da haka bai cire cajin ba.

'Yar ta dawo gida wata Asabar da rana ɗaukar sauran littattafanta. Ta riga ta ji komai, ba daga bakinsa ba. Ta gaishe shi, ya amsa, ta shiga ɗakinta tana haɗa kaya, shi yana falo da jarida a buɗe ba ya karantawa. Rana tsaka, ana jin masu talla a waje.

"Na'am?"

Dukansu suka fito, suka haɗu a bakin ƙofar ɗakin. Ya kasa kunne. Wani ya kira ta, wani wanda ba a sa shi ba.

"Na'am? Na'am?"

Yarinyar ta riga shi kai hannu. Ta karanta, ta miƙa masa. Gyare-gyaren ne suka fara fitowa. Kowace sanarwa ta jero maƙalun da aka cire ɗaya bayan ɗaya, su kuwa masu ƙirga ba ruwansu da dalili, sun ga suna sun turo saƙo. Ana karanta laifin da ba ta yi ba, tana amsawa.

"Na'am? Na'am? Na'am? Na'am?"

Wayar tana rawa a hannunsa. Wata na'am ba ta ƙarewa wata ta hau kanta, har ƙarar cokalin da ke baya ta zama kamar ana buga ƙararrawa. Yarinyar ta toshe kunnuwa.

"Baba, don Allah! Ka sallame ta!"

Ya nemi inda ake kashewa, ya rasa. Ya miƙa mata. Ba kashe wayar kawai ta yi ba. Ta shiga inda muryar take, ta dube shi sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ta goge. Saƙonnin suka ci gaba da shigowa, fuskar wayar tana haske tana ɗaukewa, babu sauti. Ta zare igiyar caji daga bayan durowa ta naɗe ta a hannu, ta sa a jakarta tare da littattafan.

Da ta tafi ya zauna a bakin gado, inda ya zauna ranar da aka yi yayyafin nan. Ya kira matarsa da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, a hankali, sau ɗaya. Ya jira. A waje mai talla ya wuce.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar faɗa. Ambato ɗari biyu da 'yan kai da aka cire, waɗanda dama ba nata ba ne. Biyu ko ukun da take samu a wata da guminta, waɗanda ba su dawo ba. Mujallu huɗu. Allon tagulla ɗaya da ba a taɓa sassaƙa ba. Gaisuwar ɗaliba ɗaya. 'Ya ɗaya da ke zuwa gida sai an yi hutu. Da murya ɗaya, mai tsawon daƙiƙa guda, wadda babu kwafinta a ko'ina.